Kaset ɗin Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara? Ya ƙafar taki? Mu dai sai godiya, ban da gajiyar hanyar Nyanya.

Za mu sauya gida, uwargida ta ce kwalin finafinan barkwancin marigayi Baba ya tare wuri, a ba 'yan gwangwan. Ranar Asabar na kunna kaset ɗaya. Hoton ya dushe, amma abin dariyar na nan daram. Yara suka koma wayoyinsu, suka bar ni ni kaɗai. Da aka zo inda Baba kan yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai na tsinci kaina ina jiran tarin.

Na kasa bayarwa. In kina da wuri, zan aiko miki.

Gaida kowa. A sa mu a addu'a, Baba kuma Allah ya jiƙansa.

Ƙaninki,
Sani