Biro da Babban Yatsa

Litinin, 4 ga Maris

Yau aka fara taron nan a babban ɗakin ofishinmu. Wai wayar da kan matasa masu zaɓe karon farko. Ni ke share ɗakin in goge shi, saboda haka ni na ga abin da aka wayar. Gorunan ruwa an kurɓa sau ɗaya an yar. Abinci a robobi, an tsince naman an tura sauran ƙarƙashin kujera. An kawo sabon allon majigi, an raba riguna da huluna. Famfon banɗakin mata kuwa tun bara yake zuba, na faɗa har bakina ya gaji, wai babu kuɗi.

'Yata Auta na cikinsu. Yarinyar da har yau sai na tuna mata ta ɗora tukunya a wuta, ita ce za ta zaɓa mana shugaba.

Laraba, 6 ga Maris

Ta dawo da ƙawayenta, kowa da rigar taro. Ina jinsu daga kicin. Wai wane zai ba kowane matashi alawus, wane zai raba data kyauta. Na leƙo na ce, to kuɗin daga ina? Auta ta ce, "Daga gwamnati mana, Umma." Na ce gwamnatin a ina take samu? Wata mai dogayen farce ta ce, "Ai tana da shi." Suka fashe da dariya.

Tana da shi. Abin da ake yanka a albashina duk wata, da ƙarin da aka yi wa kuɗin mota, su a wurinsu daga sama yake faɗowa. Ba wayar da kai ake musu ba, waya ce kawai a kansu.

Alhamis, 7 ga Maris

Na ɗauke katin zaɓenta. Yana cikin gwangwanin allura da zare, wurin da ba ta taɓa sa hannu ba tun da aka haife ta.

Lahadi, 10 ga Maris

Yaya ya zo gaishe mu. Shi ma ra'ayinmu ɗaya. Ya ce wanda bai taɓa biyan kuɗin wuta ba bai kamata a ba shi ƙuri'a ba. Ya tuna min zaɓen da ya wuce, da aka yi jifa a layi aka fasa kan ɗan maƙwabcinsa. Sai na hango Auta a layin nan. Ita kaɗai ta rage min a gida.

Duk hirar nan Auta tana ɗaki tana zazzage jakunkuna. Ta fito ido jawur. "Umma, ba ki ga katina ba?" Na ce ni mai gadin kayanki ce? Allah ya yafe min.

Na ce wa Yaya, su an ba su komai a hannu, shi ya sa ba su san darajarsa ba. Ni na yi shekaru ina dangwala yatsa. A banki, a asibiti, sai wani sa'an ɗan cikina ya ce "kawo hannunki", ya kama min yatsa ya danna kamar ba nawa ba. Ranar da na iya rubuta sunana a ajin manya na rantse na gama da dangwale. Ko rumfar zaɓe da birona nake shiga. In rubuta sunana cikakke a gefen alamar wanda nake so, ya san wadda ta zaɓe shi. Yaya ya ce ai ke 'yar boko ce yanzu. Auta ta sha jin wannan labari, ko juyowa ba ta yi ba.

Talata, 12 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Wani ya zubar da lemo a bayan ɗakin taro, aka aiko in goge. Na shiga da bokiti ana cikin darasi. Mai koyarwar, wani siriri mai gilashi, yana nuna hotunan ƙuri'un da ake zubarwa ba a ƙirga ba. Ta farko an dangwala wa mutum biyu. Ta biyu an dangwala a tsakiyar layi. Ta uku, wani ya rubuta sunansa da biro.

Ya ce duk takardar da aka yi wa rubutu, ko harafi ɗaya ne, ta lalace. Ƙuri'a sirri ce, in an san mai ita ta tashi daga aiki. Wani yaro daga gaba ya ce, "Wannan ya ɗauka jarrabawa ya zo rubutawa." Ɗakin ya kaure da dariya.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta waiwayo, ta gan ni da tsumma a hannu, ta mayar da kai gaba.

Na goge wurin nan har ya bushe ina ta gogewa. Zaɓe biyu. Na yi sammako, na sha rana a layi, na fito ina taƙama, ashe a kwandon shara nake jefawa. Babu wanda ya taɓa gaya min. A ajin manya an koya mana rubuta suna, ba a koya mana inda ba a rubuta shi ba.

Laraba, 13 ga Maris

Ba ta ɗaga maganar ba. Da ma ta yi min gori, da na samu abin yin faɗa.

Alhamis, 14 ga Maris

An rufe taro. An kawo wani mawaƙi da lasifika har gilasan taga na rawa. Huluna sun yi saura, manyan ofis sun zuba a bayan motocinsu. Har yanzu ina kan bakana, ɓarna ce. Abin da ke da amfani a kwanakin nan duka bai wuce a faɗe shi a rediyo ba, ko a kan takarda guda a manna a bango. Sauran cin kuɗin mutane ne.

Da yamma Auta na wanke-wanke ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Na tambayi mai gilashin daga ina kuɗin alawus zai fito. Ya ce ba ya cikin darasi." Na ce to. Ta ce, "Shi ya sa na fasa zaɓen mai alawus ɗin." Sai kuma, "Ko da yake ba ni da kati."

Ta sani. Na ji a muryarta.

Juma'a, 15 ga Maris

An ga katin. A aljihun jakarta ta baya, wadda ta zazzage ranar Lahadi. Yaran yanzu ba su iya neman abu ba.

Asabar, 16 ga Maris

Tare muka je rumfar zaɓe, don kada ta tsaya cikin samari ita kaɗai. Ba a yi jifa ba. Rana ce dai, da wani jami'i da ke ta ihu a kan tsofaffi kamar awaki.

Da layi ya kusa zuwa kaina sai ta ce, "Umma, ara min bironki, zan rubuta wata lamba." Ba ta rubuta komai ba. Ta riƙe shi har na fito.

Na dangwala. Da kaina, babu wanda ya kama min hannu. Tawadar ta shiga ƙarƙashin farce, na wanke ta ƙi fita, sai ƙyama nake ji in na kalle ta.

Ban san wanda ta zaɓa ba. Na buɗe baki zan tambaya a hanya, sai na tambaye ta ko ta kashe fanka kafin mu fito.

Akwai wata tsohuwa a bayana da ta yi ta tambayar yadda ake yi. Na nuna mata inda za ta dangwala, na ce ta bari ya sha iska kafin ta naɗe, kada tawada ta taɓa gidan wani. Ta ce Allah ya yi albarka, a ina na san duk wannan? Na ce a wurin aiki.