Ranar da Na Taka Tabarmar Malam da Takalmi

Zuwa ga Kaka Ɗanladi,

Salamu alaikum, tsoho. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ai ni zan karanta maka, kana gyara mini kamar kai ka rubuta.

Gida lafiya. Iya tana nan, har yau ta ƙi yarda ni ne mijin da ka bar mata. Gyaɗa ta yi kyau, sai dai kwalbatin hanyar Gwangwan ya rufta tun damina, mota ba ta shigowa ɗaukar kaya.

Ka tuna labarin da ka ishe mu da shi? Yadda zamanin gwagwarmayar talakawa ka shiga gaban hakimi da takalmi, ka ƙi durƙusawa? To, ni ma na karance tarihin Faransa da Rasha da bayin Haiti a wayata, na ce lokacina ya yi. Da aka ce kansila, wanda ba ma gani sai zaɓe, zai saurari koke, na zura takalmanka na fata, na tafi da jawabi shafi huɗu.

Ashe a zauren Malam Sani ake taron, kan tabarmar salla. Na taka ta gaba gaɗi. Kaka, ban kai kan kalmar azzalumai ba aka yi waje da ni. Kansilan ne ma ya riƙa ba mutane haƙuri a kaina. Akwai wulaƙancin da ya fi wannan?

Iya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tona maka asiri. Wai kafin ranar takalmin, wata biyu ka yi kana bin gonaki, kana taya mutane noma kana lallashinsu, shi ya sa da ka shiga gari guda na bayanka. Kuma gaban malami ba ka taɓa shiga da takalmi ba. Don me kullum ƙarshen labarin kawai kake ba mu?

Na je na durƙusa na ba Malam haƙuri. Daga nan na bi gonaki, na taya cirar gyaɗa har hannuna ya yi kanta. Ranar Talata muka ɗunguma sakatariya a Rogo, har da mutanen garin Beli. Jawabina bai fito daga aljihu ba, wani dattijo ne ya yi magana a taƙaice kan kwalbatin. Jiya tifa ta sauke yashi da duwatsu. Ba a fara aikin ba, amma idonmu na kai.

Saura abu ɗaya. Ranar da na ce ba ka san juyin juya hali ba tunda ko sunansa ba ka iya karantawa, murmushi kawai ka yi. Ni ne ban sani ba, tsoho. Sunan kaɗai na iya. Ka yafe mini.

Allah ya haskaka makwancinka. Takalman na goge su na mayar ƙarƙashin gadon Iya. Sai na tara mutane zan sake sa su.

Jikanka mai bakin tsiya,
Habu