Kada a Shafe Bangon Yarana da Farar Ƙasa

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Ilimi na Shiyyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da jama'ar ofis baki ɗaya. Allah ya ƙara girma, amin.

Ni ne Malam Haliru, malamin zane a wata sakandaren maza da ke nan Talata Mafara. Ni ke koyar da 'yan ajin ƙarshe da suka zaɓi zane, waɗanda suka wuce matakin zana kofi da lemu, suka kai ga haɗa launi da hannunsu su yi babban aiki. Ka yi mini uzuri idan ka ji wasiƙar nan tana rawar kai. Wallahi murna ce ta yi mini yawa, kuma murnar ce ta haifi ƙorafin.

An sanar da mu za ka kawo mana ziyara ranar Alhamis mai zuwa. Kowa ya ce madalla, ni kuwa sai na ɗauki alƙalami na rubuto maka. Ga dalilaina.

Na ɗaya. Akwai wata al'ada a makarantarmu wadda nake zaton ba a taɓa gaya maka ba. Duk ranar da aka ce babban baƙo na tafe, to duk abin da ba ya motsi sai ya sha farar ƙasa. Duwatsun bakin hanya, gindin darbejiya, tsofaffin tayoyin da aka kafa a ƙofa, har turmin da aka yar a bayan kicin bai tsira ba. Mai gadinmu ma ba ya yarda ya yi gyangyaɗi a irin wannan mako, ya ce gudun kada ya farka ya gan shi fari fat. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kam ranar muke fafewa. Na san ba kai ka ce a yi ba. Amma don kai ake yi.

Na biyu, kuma nan ne bakina ba ya rufuwa. Ba mu da manyan takardun zane, don haka aka ba mu dogon bangon bayan ajinmu mu yi aikin ƙarshen shekara a kai. Fenti ma mu muka haɗa abinmu: jan ƙasa daga hanyar Maradun, baƙin tukunya daga kicin, shuni daga wurin marina, muka dama da ƙaro don ya kama bango. Saboda mutunta ra'ayin iyaye muka yi alkawarin ba za mu zana mutum ko dabba ba. Na ɗauka wannan zai ɗaure wa yaran hannu. Ina! Sai ma ya buɗe musu ido.

Akwai Lawali, ɗan manomin shinkafa daga Dosara. Shi aka ba wa zanen magudanar ruwan noman rani, ya kuwa tashi zai malala shuni, don tun firamare aka ce masa ruwa shuɗi ne. Na ƙwace kwanon, na kwashe yaran duka muka tafi bakin ruwa, na ce kowa ya zauna ya kalla, ban yarda a taɓa fensir ba. Suka yi ta ƙunƙuni, wai malam ya kawo su gadin kwaɗi. Can sai Lawali ya juyo a hankali ya ce, "Malam, ashe ruwan ga ba ya da launi nai, na sama da na laka shika ara." Ranka ya daɗe, da girmana da furfurata na daka tsalle har hulata ta faɗi. Shekara da shekaru ina jiran wani yaro ya faɗi wannan magana da bakinsa. Yanzu in ka tsaya gaban ruwan da ya zana, sai ka ji kamar ka naɗe ƙafar wando.

Sai kuma Buba, ɗan makiyaya daga Damaga. Shi garke yake so ya zana, ga kuma alkawarin da muka yi. Ka san abin da yaron nan ya yi? Ya zana garke babu saniya ko ɗaya. Sawun kofato a cikin laka, dangwalin da ake ɗaure maruƙa yana yashe a ƙasa, ƙwaryar tatsa a kife, ciyawa a kwance inda suka kwana. Kowa ya gani ya san yanzu-yanzun nan aka kora su kiwo. Mahaifinsa, wanda ya sha ce mini zane aikin marasa aikin yi ne, ya biyo ranar kasuwa. Ya daɗe a tsaye gaban bangon riƙe da sandarsa. Daga baya ya nuna tsamiyar da ke gefen zanen, ya ce nan ne mashekarinsu na damina, ya kuma tambaye ni ko da gaske ɗansa ne ya yi. Na ce shi ne. Ya tafi, ya dawo, ya sake tambaya. Ranar na koma gida ina ta dariya ni kaɗai a kan babur, har uwargida ta tambaye ni ko lafiya.

Na uku. Bara ma mun yi irin wannan aiki a wannan bango. Aka ce baƙi na zuwa. Na shigo da safe na tarar da bangon fari tas, har yana ƙyalli. Aikin zango biyu ya tafi a yini guda. Da mai duba aikin jarrabawa ya zo daga baya, babu abin da zan nuna masa sai bakina, shi kuwa ba a ba wa baki maki. Yaran nan sun fita ba su da ko hoton aikinsu. Har yau in na haɗu da ɗaya daga cikinsu a tasha, bayan gaisuwa sai ya ce, "Malam, ya farar ƙasa?" Mu yi dariya, amma abin yana ci mini rai.

Na huɗu. Ban tsallake shugaban makarantarmu ba. Na same shi, mutumin kirki ne, har ya yaba aikin. Amma ya ce bangon yana kallon hanyar da za ka bi, kuma bai kamata babban baƙo ya ga bango dabbare-dabbare ba, sai fa in umarni ya zo daga sama. To, kai ne saman. An riga an jiƙa farar ƙasa a durom. Dattijon da ke shafen ya yi mini alfarma ɗaya, ya ce zai faro daga ƙofa, ya bar bangonmu sai ƙarshe. Jiya ya gama duwatsu, yau yana kan itatuwa. Yarana kuwa sun raba wa kansu gadi, kowane hutun tara sai ka gan su jere a gindin bango kamar masu jiran mota.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Ka kira shugabanmu, ka ce masa a bar wannan bango yadda yake har mai duba aikin jarrabawa ya zo ya gani. Magana ɗaya daga bakinka ta wadatar.

Ka sa a sanar da makarantun shiyyar nan, daga Mafara har Bakura da Maradun, cewa aikin ɗalibi ba datti ba ne da za a rufe saboda baƙo.

Idan kuwa duk wannan ba zai yiwu ba, to ina roƙonka don Allah kada ka jira Alhamis. Ka zo Laraba da hantsi, ba sanarwa, ba rakiya, ka shigo ta ƙaramar ƙofa. Ka tsaya gaban bangon ko da na ɗan lokaci ne, yaran su ga cewa wanda ake shafewa dominsa ya gani da idonsa. Bayan nan, in har zuciyarka ta ba ka, ni da kaina zan riƙe wa mai shafen bokiti.

Allah ya taimake ka a kan wannan nauyi da ya ɗora maka, ya shirya maka zuriya, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Haliru, malamin zane,
Talata Mafara.