Kujerata a Montevideo

Litinin, 3 ga Yuli

Yau ya kamata in kama hanyar Montevideo. Na ciro jaka, na mayar. Mutane suka yi layi a rana suka zaɓe ni zuwa majalisar ƙasashen yankin da ke zama a can, sai doka ta ce zaɓen ɓarnar kuɗi ne, naɗawa za a riƙa yi. An ba Nicasio kujerata. Nicasio da na koya wa rubutu!

Alhamis, 13 ga Yuli

Ina ta tuna zaman da na yi a baya a zauren majalisar, da tagar nan mai kallon ruwa. Har ƙarar lasifikar da ke ƙin aiki nake kewa.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ña Fidelina, shugabar matan da ke haye gada da kayan miya zuwa garin Posadas a ƙetaren iyaka, ta tare ni a kasuwa. "Malama, katin namu fa? Ƙafafuna sun kumbura a layin gadar nan." Na ce ta tambayi wanda aka naɗa. "Ban san shi ba. Ke na dangwala wa."

Wata mai zuwa majalisar za ta saurari ƙudurin katin da zai ba su damar haye gada ba dogon layi. In ba wanda ya tashi ya kare shi, ya mutu.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Nicasio ya kira. Ban ɗaga ba. Na karanta tarihin majalisu kaf, ban ga inda aron kujera ya zama wakilci ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Ya zo da kansa, Fidelina ce ta jawo shi. Muka zauna gindin mangwaro, tana zuba tereré, shayinmu na ganye mai ƙanƙara, ƙoƙon yana zagayawa. Na shirya: kurɓa ɗaya, in ce na gode, wanda a al'ada ke nufin na fita daga zagayen, kowa ya gane.

"Wa ya zaɓe ka?" na ce.

"Zuwa can? Babu kowa, Malama. Shi ya sa ba na iya barci."

"A aji ma ba ka rasa barci ba."

Fidelina ta yi dariya har ta ƙware. Ya tambayi ƙarfe nawa matan ke isa gada. Ita ta amsa, na gyara mata. Sai na gyara masa sakin layi na biyu na jawabin kare ƙudurin, don kunya ce a karanta shi haka a gaban 'yan Brazil.

Har yanzu kujerar ba tasa ba ce. Zan faɗa masa ranar Talata in ya dawo.

Ƙoƙon ya yi ta zuwa hannuna har ƙanƙara ta narke. Ban ce na gode ba. Zafi ake yi, shi ke nan.