Dutsen Washin Baba

Boɗinga, Laraba

Zuwa ga Yayata Balaraba,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina lafiya ke da mutanen gida, kuma ciwon gwiwa ya yi sauƙi.

Yaya, ban kira ki ta waya ba don maganar ba ta cikin mutane ba ce. Kin san dutsen da nake gama washin aska a kansa, wanda Baba ya ba ni ranar da na fara rataya zabira. Wata biyu ke nan ya faɗo daga kan babur ya tarwatse bisa kwalta. Na sayi wani a kasuwa na yi shiru. To, watan jiya na tafi askin suna gidan Alhaji Mukhtari mai albasa, gidan da kakanmu ya yi wa wanzanci, Baba ya yi, ni ma shekara talatin ina yi. Askar ta ƙwarzani kan jaririya. Ɗigon jini guda ne, amma uwar ta yi kuka, ni kuwa na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Zaharaddeen, ɗan Alhaji da ke aiki Sakkwato, ya faɗa a gabana cewa zamanin aska ya wuce, nan gaba mai kilifa za su kira. Jiya Talata matarsa ta haifi namiji. Alhaji ya kira ni ya ce ya roƙar mini Zaharaddeen a bar ni in yi askin sau ɗaya tak. In anka sake ganin ko jan layi a kan yaron, sai mu yi sallama da mutunci.

Don Allah ki duba ɗakin Baba, duk dutsen da kinka gani ki ba Sodangi direba ya kawo mini. Kwana shida suka rage. A gaida yara.

Ƙanenki,
Na'Allah

Shagari, Alhamis

Na'Allah,

Na amsa gaisuwa, gwiwa tana nan tana mulkinta.

Kai dai ba ka canzawa. Wata biyu kana hadiye magana, sai da ruwa ya kawo maka wuya kat tuna kana da yaya a Shagari. Ni da nike yanke cibi shekara ashirin da biyar, ai da ka tambaye ni na gaya maka fatar kan jinjiri ba ta ɗaukar ganganci.

Na juye ɗakin Baba har na yi tari. Cikin tsohuwar adaka na iske duwatsu uku: wani ja, wani baƙi mai sulɓi, wani ruwan ƙasa. Ga su nan hannun Sodangi cikin buhun gishiri. Kada kyau ya ruɗe ka. Ka ɗiga wa kowane ruwa ka ga mai sha da mai riƙewa, sannan ka ja aska bisanshi ka kasa kunne. Amma in gaya maka gaskiya, raina bai kwanta da ko ɗaya ba. Hannuna bai gane su ba.

Ka gaida matarka Safinatu, ka ce ta riƙa matsa maka kana cin abinci, na san halinka in kana cikin damuwa.

Yayarka,
Balaraba

Boɗinga, Asabar

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, Allah ya saka.

Na gwada su kwana biyu. Jan nan yana shanye ruwa nan take, kuma aska na kuka a kansa. Na mahauta ne, ba namu ba. Mai ruwan ƙasa ya fi shi laushi, yana tada kaifi da sauri, amma in na ɗaga askar ga rana sai in ga ƙananan zane a bakinta. Wannan shi ne na tsakiya. Baƙin kuwa na sa rai a kansa ƙwarai. Na kai wa Mode, dattijon wanzaman kasuwarmu, ya jujjuya shi ya rantse shi ne na gama washi. Amma aska zamewa kawai take yi, ba ya kama ta ko kaɗan. Na aske gashin hannuna, tana ja. Abin da ya ja hannun ƙato, me zai yi wa kan ɗan kwana bakwai?

Ban gane maganarki ta cewa hannunki bai gane su ba. Yaushe hannunki ya san dutsen Baba?

Na yanke shawara. Gobe zan tafi wurin Alhaji in ce a kira mai kilifar. Gara in aje gidan da kaina da in zubar da jinin ɗan mutane. Raina a ɓace yake, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Naki,
Na'Allah

Shagari, Lahadi

Na'Allah,

In ka taka ƙofar Alhaji Mukhtari yau, ni da kai ne. Zauna ka karanta.

Da nig gama karatun takardarka sai na zauna ina tunani, ina Baba ke nufa in ya gama da dutse na biyu? Ba zabira yake buɗewa ba. Tashi yake ya shiga cikin gida, gindin randa. Ku maza kuna zaure, ba ku ganin wannan. Dutsen ƙarshe bai taɓa fita gida ba, yana binne cikin jiƙaƙƙen rairayin da ke ƙarƙashin randar Inna, don Baba ya ce in ya bushe tsagewa yake. Shi ya sa ranar rabon gado kunka zazzage zabira da adaka, kowa ya ɗauki mai ƙyalli, ba wanda ya duba ƙasa.

Randar nan Gwaggo Zainabu anka ba, ta kwashe har da rairayin gindinta. Da sassafe na hau mashin zuwa gidanta a Lambara, gwiwa tana zagina ina zaginta. Na tambayi Gwaggo dutsen da ke ƙarƙashin randa, ta ce wane, wanga mummuna? Ta kai ni makewayi. Na'Allah, shekara goma sha ɗaya Gwaggo na goge kaushin ƙafa da shi! Ta ma ce ba shi da amfani, ba ya cin kaushi. Na yi dariya har da hawaye. Allah ya taimake mu, wurin bai taɓa bushewa ba.

Toka-toka ne, kamar guntun tsohon sabulu, da ɗan kwari a tsakiya. Na ɗiga ruwa, ya tsaya cak bisanshi. Na goga ɗan tsakuwa, ruwan ya yi fari kamar na wankin gero. Na ja aska, shiru kake ji, amma tana manne mashi kamar ba ta son rabuwa. Shi ne.

Ga shi nan cikin jiƙaƙƙen tsumma, kada ka bari ya sha iska. Na haɗa maka da tsohuwar askar Baba mai ƙotar ƙaho, na ɗan taɓa ta bisa dutsen. Kada ka danna, nauyin askar ya isa. Ka dafa ta cikin ruwan zafi a gaban idon Zaharaddeen, 'yan boko suna son su gani. In ka zo maɗiga, ka sassauta numfashi.

Allah ya ba da sa'a.

Balaraba

Boɗinga, Talata da la'asar

Yayata, uwata,

Alhamdu lillahi! Ga yadda anka yi.

Bayan an raɗa suna, Zainulabidin, anka miƙo mini shi a zaure. Zaharaddeen na tsaye a kaina, mai kilifa kuma na zaune waje kan babur, a shirye. Na dafa aska, na jiƙa kan, na yi bisimilla. Yaya, gashin nan sauka yake da kansa. Ban ji ja ba, ban ji ƙara ba. Yaron yana barci na fara, yana barci na gama. Wata tsohuwa ta karɓe shi ta kai hasken ƙofa ta jujjuya, ta rangaɗa guɗa. Alhaji ya tuɓe hula ya ce tunda askar ta yi daɗi haka, shi ma a taɓa masa. Da na gama da shi, Zaharaddeen ya sallami mai kilifa, ya dawo ya zauna kan tabarma, ya miƙo wuya. Na aske masa gemu tas. Da ya shafa sai ya ce, "Baba Na'Allah, a yafe mini." Gidan yana hannunmu. Ban taɓa jin daɗi irin na yau ba.

Saura gaskiya guda. Jiya na wuni ina wasa askata a kan dutsen. Ta yi kaifi, amma da na gwada ta da ta Baba da kinka ce kin ɗan taɓa, ko kusa ba ta kai ta ba. Da taki na yi aikin. Mode ya duba bakinta ya tambayi wane wanzami ne ya gama ta, na ce yayata ce a Shagari, a gaban kowa na faɗa.

Yaya, wa ya koya miki?

Ƙanenki mai godiya,
Na'Allah

Shagari, Laraba

Na'Allah,

Barka, barka. Na yi kuka, na yi sujada.

Baba ya koya mani. Shekaru bakwai na ƙarshe idonshi ya tafi, ba ya ganin bakin aska, kuma bai so ku sani ba. Duk askar da ya fita da ita, ni nig gama ta gindin randa. Ya ce in rufe baki har ranar da wani cikinku zai tambaya. Kai ne na farko.

Ka taho Juma'a da dutsen da askakenka duka. Ka zo da wuri, koyon da ɗan tsawo.

Yayarka,
Balaraba