Katakon da Kika Bari a Jaradiya

Zuwa ga Bilkisu, Maman Amira,

Assalamu alaiki. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba, amma tun safe nake kai da kawowa a falo, na kasa zama, na kasa tafiya aiki.

Mutanen gidan baje kolin nan na Dir'iyya da ke gefen Riyad sun sake kira. Hotonki na ƙarshe suke so, na tsohuwar kasuwar Dira ta cikin Riyad, wanda kika gama sassaƙa katakonsa kika kwanta asibiti ba ki buga shi a takarda ba. Amira ta ce ita za ta buga. 'Yar taki ta girma, Bilkisu. Da Larabci take yi mini faɗa yanzu, sai ta huce ta dawo Hausa. Ni kuwa na hana ta shiga ɗakin aikinki.

Kin tuna ina karatun injiniya a Japan, kika ce zaman gida ya ishe ki, kika fara koyon sana'ar nan ta buga hoto da katako wurin wata tsohuwa maƙwabciyarmu? Kowace kala da nata katakon. A shafa tawada da kullun shinkafa, a ɗora takarda mai danshi, a murza da ɗan faifai. Da muka zo Riyad muka zauna a unguwar Jaradiya, iskar garin ta riƙa busar miki da takarda tun ba ki gama ba. Kika hana mu kunna esi, muna gumi muna ƙorafi, har kika gano kan abin, mutane suka fara neman aikinki.

Ban taɓa gaya miki ba, na fi son katakon a kan hotunan. Hoto kowa yana iya saya ya rataya. A jikin katako nake ganin inda wuƙarki ta zame da inda kika gyara. Ke kika ce mini kowane bugu yana cin katako kaɗan-kaɗan. To in Amira ta buga, me zai rage mini? In na hana, wa zai ga kasuwar da kika yi ta zarya cikin rana kina zanawa?

Ga kwantiragina ya kusa ƙarewa, kafil, mai ɗaukar nauyina, bai ce komai kan sabunta iƙama, takardar izinin zamana, ba. In komawa Kano ta kama, a wace jaka zan zuba katakon naki? Jiya na leƙa ɗakin, na tarar katakon shuɗi ya fara tsagewa daga gefe. Ashe ajiyar ma tana cin sa.

Yanzu haka Amira tana kicin tana dama kullun shinkafa, ba ta nemi izinina ba. Taurin kanki ta ɗauko kaf. Zan je in ce mata ta fara da shuɗin kafin ya rabe biyu. Amma ba zan iya tsayawa kallo ba. Zan ɗauki mota in yi ta zaga gari har ta gama.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki.

Mijinki,
Baban Amira