Amfilifayar Masallacin Baba

Janfalan, ranar Litinin.

Assalamu alaikum, Yaya Yahuza. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa wa nema albarka, amin. Nan gida alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida. An cire masara, barkono ne ya rage. Na ba Tanko direba takardar nan ya kawo maka hannu da hannu, domin in na ɗauki waya a gidan nan babu wanda ba ya jin abin da nake faɗa.

Maganar ɗanka Haidar ce, kuma wallahi ta hana ni sakat. Ranar kasuwar Ikara, bayan na sayar da barkonona, na ji wani irin kiɗa yana tashi daga gidan kallon ƙwallo na bayan tasha. Ka san ni da shisshigi, na leƙa. Ɗakin kwano ne, zafi kamar gidan burodi, mutum wajen arba'in a matse kan benci. Samari huɗu suna kan katakon da aka ɗora bisa bulo, ɗaya yana dukan ganguna a jere, biyu da jitar lantarki. Na huɗun, mai waƙar, Haidar ne, ladanin masallacin Baba! Waƙoƙin nasu ne na kansu, ba su wasa kowa, ba su da ubangida. Ya yi wata waƙa a kan tumatirin da ke ruɓewa a bakin titi ana jiran mota, jitar nan tana kururuwa, ɗakin duka ya ɗauka. Ba zan yi maka ƙarya ba, Yaya, ni ma na tafa, har idona ya kawo ruwa.

Ana cikin haka janareta ya yi wata ƙara, sai hayaƙi daga akwatin da ke gefen ƙafar Haidar. Da aka ɗaga shi na ga rubutun ajami da shuɗin fenti a jiki, hannun Baba ne, ya rubuta waƙafi. Innalillahi! Amfilifayar masallaci ce, wadda ke ƙara wa lasifika ƙarfi. Na ja yaron waje na zazzage shi tas. Ya ce mini ya daɗe yana ɗaukar ta ranar kasuwa, tunda da rana babu wuta, da baki ake kiran salla, kuma kullum yana mayar da ita kafin Magariba. Mai gyara ya duba ya ce abin da ya ƙone sai an sayo daga Kano, mako biyu. Haidar ya roƙe ni da girman Allah in yi shiru zuwa lokacin. Ni kuma, sakarai, na yarda, don in na yi magana sai an tambaye ni me ya kai ni wurin.

To Baba ya ɗauka sata aka yi. Ka san yadda yake ji da kayan waƙafi. Jiya bayan La'asar ya tara jama'a ya ce ya ba ɓarawon zuwa Juma'a, in ba a dawo da ita ba za a ja masa Yasin, duk abin da ya same shi shi ya jawo wa kansa. Mutane suka ce amin da ƙarfi. Sai ya waiwayo ya ce Haidar ne zai ja karatun, domin duk cikin jikokinsa babu mai tsarkin baki kamarsa. Na dubi yaron, ya sunkuyar da kai ya ce to.

Tun jiya bai ci abinci ba. Na ce masa mu je mu faɗi gaskiya, ya ce ya gwammace abin ya sauka a kansa da ya ga fuskar Baba in ya ji. Ni tsoro biyu nake ji. Baba yana da hawan jini, kuma ya taɓa rantsewa duk wanda ya kawo masa kiɗa gida ya bar gidan. Amma ba zan zauna a sahu ina cewa amin ɗanka yana karanta wa kansa ba. Kai ne babba, kai kaɗai Baba ke saurara har ƙarshe. Tanko zai iso Laraba. Ka kira Baba ranar, don Allah, kada ka kai Alhamis. In ba ka kira ba ni zan faɗa masa, kuma da laifina zan fara.

Ka gaishe mini da Anti Murja, da Rumaisa da Khairunnisa. Inna tana gaishe ku, ba ta san komai ba, ita ce ma take ta yi wa Haidar kunun kanwa wai muryarsa ta washe kafin Juma'a.

Ƙaninka,
Safiyanu